Koren Zare a Ƙarƙashin Kwala

Litinin, da safe kafin a buɗe ƙofa

Na zo da wuri don zaman gida ya gagare ni. Jiya Yaya ya yi magana a rediyo. Ni kaɗai ce nake ce masa Yaya a wurin nan, kowa Onarabul yake cewa, kuma daga yau ban san sunan da za su sa masa ba. Shi ne shugaban kwamitin tsaro a majalisa. Ya ce zai kawo ƙudurin rufe sashen gyara. Sashenmu ke nan, a masana'antar kakin soja.

Bari in tsara abin yadda yake, ko kaina zai daina juyawa. Kakin soja yana dawowa daga can fagen daga a cikin buhuna. A buɗe, a ware. Wanda ya lalace sosai a kai shi baya a ƙona. Sauran a wanke, a yi faci, a goge, ya biyo ta teburina in duba, sannan a mayar a ba wasu. Aikina dubawa. Ɗinkin da ya karkace ba ya wuce ni, shi ya sa ba kowa ke sona ba.

Abin da Yaya ya ce: “Yaron da muka tura ya tsaya saboda mu, ba za mu sa masa rigar da wani ya faɗi a cikinta ba. Ni na yi soja. Na sa irin rigar nan, na san warinta.” Ya kuma ce aikin gwamnati hidima ce, ba inuwar hutawa ba.

Na yi ta neman inda ya yi kuskure. Ban samu ba tukuna.

Litinin, lokacin tashi

Na duba kwala. Babu.

Talata, hutun rana

Rediyo ce ta fara. Muna ce mata Rediyo don bakinta ba shi da makashi. Ina shigowa ta miƙe ta sara mini, ta ce, “A gyara hanya, ga ƙanwar gwamnati!” Aka yi dariya, ni ma na yi. Ta ce, “Yaya, ki ce masa in ya rufe mu, ya buɗe mana ɗaki a gidansa. Ni ba ni da cin tsiya, nama kawai nake ci.”

Iya Almakashi ba ta yi dariya ba. Ita ce babbarmu, ita ke buɗe buhu, tun kafin a ɗauke ni aiki take nan. Ta jira aka watse, ta ce, “'Yar nan, ciki ɗaya kuka fito. Ki je ki same shi. Kada ki roƙe shi komai, ki ce ya zo ya gani da idonsa kafin ya ɗaga hannu.”

Na ce to. Da baki kawai na ce.

Su suna tsoron rasa abinci. Ni ma haka. Amma akwai wani abu, kuma tunda littafina ne bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. Kowace tela a nan tana da launin zarenta, tana ɗan ɗaura shi a ƙarƙashin kwala don in san hannun da ya yi aikin. Nawa kore ne. Tunda na koma teburin dubawa na daina ɗinki, kore ya ɓace daga sashen. Sai da za a tura Bahago, ɗana, rigunan da aka ba shi suka yi masa yawa, na rage masa su a gida, na ɗaura kore a kowacce. Yanzu duk duniya rigunansa ne kaɗai ke da kore.

Rabon da mu ji muryarsa tun farkon damina. Waya ba ta shiga can. Buhunan nan su ne wayata. In an rufe sashen, ta ina zan sani?

Laraba, da yamma

Muna da ƙa'ida a ɗakin nan, ba a rubuce take ba: mai ɗa ko miji a can ba ta buɗe buhu, ba ta tsayawa wurin warewa. Don haka abin da ake ƙonawa ba na ganinsa. Iya ta yi mini alkawari tun ranar farko, ta ce ko a toka ta ga kore za ta faɗa mini.

Na duba kwala. Babu. Ban san ko “babu” abin murna ba ne. Kullum sai na yi wannan lissafin, kullum amsa daban.

Alhamis, da asuba

An ce wani abu ya faru a can satin da ya wuce. Mai shayi ya faɗa, mai gadi ya faɗa da ƙari. Ba zan rubuta abin da suka ce ba.

Maigida ya fita da motarsa bai karya ba. Yanzu da yamma in ya dawo sai ya zauna a ƙofar ɗakin yaron yana goge takalman da ba wanda zai sa. Ba na tambayarsa, ba ya tambayata.

Juma'a, ƙarfe sha ɗaya

Buhuna sun zo, sun fi na kullum yawa. Na juya kujerata ta fuskanci taga kamar yadda na saba. Ina jin almakashin Iya yana yanke igiya, ina jin Rediyo tana ba da labarin surukarta. Can sai labarin ya tsaya a tsakiya. Ban waiwaya ba. Da na tambaye ta daga baya me surukar ta ce, sai ta ce ta manta.

Rediyo ta manta ƙarshen labari. Wataƙila ba ta da lafiya.

Asabar

Na wanke labulen da na wanke ranar Laraba.

Litinin, hutun rana

Mutanen nan sun canja mini. Iya ta ba ni kujerarta ta kusa da fanka, wadda ko Manaja ba ya zama a kanta. Rediyo ta kawo mini burodi da shayi, ta ajiye ta gudu. Na mayar wa wata da wando saboda aljihu ya karkace, na shirya jin ƙunƙuni, sai ta karɓa da hannu biyu ta ce, “Sannu, Yaya.”

Na gane. Lallaɓa ni suke yi don in je wurin Onarabul. Abin ya yi mini ciwo. Shekara da shekaru muna tare, sai an saye ni da burodi?

Ko kuwa ni ce mai mugun zato. Na san halina.

Kabad ɗin ƙyalle an sa masa kwaɗo. Na nemi ƙyallen faci, Iya ta ce makulli ya ɓace mata a mota.

Talata, da yamma

Na buga wa matar Yaya. Ta ce in zo jibi da safe kafin ya fita. Ta tambayi Bahago, na ce lafiya lau. Haka nake ce wa kowa. Bakina ya saba, har ba ya jiran izinina.

Tambaya biyu ce a raina. Ta ɗakinmu, da ɗayar. Yaya yana ganin takardun da mu ba ma gani. Amma na san shi. Lokacin da sunan yaron ya fito cikin waɗanda za a tura can, Maigida ya cire girman kai ya je ya same shi, ya ce ko a ofis a bar shi, tunda yana da hannun gyaran inji. Yaya ya ce, “In na cire nawa, ɗan wa zan bari?” Tun ranar ba su gaisa ba. A lokacin na ji haushinsa ƙwarai. Yanzu ma ina ji. Amma ɗan wa zai bari ɗin?

Alhamis, bayan na dawo

Na same shi yana goge takalminsa da kansa, mai aiki na tsaye yana kallo. Soja ba ya fita daga jikin mutum.

Ya ce, “Auta, an aiko ki ke nan.”

Na ce, “Ni na aiko kaina.”

Ya ce, “Ƙarya ba ta yi miki kyau, tun kina ƙarama kunnenki ke motsi. Zauna.”

Na zauna a bakin kujera kamar mai neman aiki. Na faɗa masa adadin bakunan da ke ci daga ɗakin nan, da matan da mazajensu ba su dawo ba, da Iya da ba ta san wata hanya ba sai ta masana'anta. Ya bari na gama.

Ya ce, “Kin ɗauka ban san wannan ba? Wa ya tsaya aka sa masu shara a fansho? Ma'aikaci yana da haƙƙi, ba zan bari a watsar da ku a titi ba. Amma ba a ajiye aiki don kawai akwai masu cin abinci a cikinsa. Ana ajiye shi in yana da amfani. Ranar da aka ba ni rigata ta farko, akwai faci a nan.” Ya taɓa ƙirjinsa. “Na kwana ina tunanin mai ita. Yaron da ke tunanin mai riga ba ya kallon gabansa.”

Na ce, “Facinmu ba ya nunawa.”

Ya ce, “Ku ba kwa gani. Mai sawa yana ji.”

Na ce ya dai zo ya gani. Ya ce zai zo Talata, amma in sani ba ya zuwa wuri ya rufe ido, duk abin da ya gani zai faɗa.

Ya raka ni har mota. A bakin ƙofa ya tsaya, na tsaya. Ya gyara hularsa da ba ta karkace ba. Na ga kamar yana jira in tambaya, ni kuma ina jira ya faɗa. Sai ya ce, “Ki gaida mai fushi da ni.”

Ban tambaya ba. Duk hanya ina ce wa kaina don kada in ɓata maganar ɗakinmu ne. Ba na jin gaskiya ce.

Juma'a, lokacin tashi

Na faɗa musu zai zo. Na zata za a yi shewa. Rediyo ta dubi Iya, Iya ta dubi ƙasa, ta ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yar nan.” Kujerar fanka har yanzu tawa ce. To na je ɗin, me kuma ya rage?

Na duba kwala. Babu.

Lahadi, da rana

Na fito da keken ɗinkin gida na shafa masa mai. Ba abin da zan ɗinka. Na tuna ranar da na zaunar da Bahago na ce soja ba ya tafiya da uwarsa, dole ya iya allura. Ya yi ta soke kansa. Komai nasa baibai: daga inda kowa ke gamawa yake farawa, zaren ya kwanta ta wancan gefen, kuma a ƙarshe sai ya ƙulla ƙulli uku kamar zai ɗaure akuya. Na ce, “Wannan da a teburina ne, da ya koma.” Ya ce, “Mama, ai ba kyau ake nema ba, kada iska ta shiga ne.”

Na mayar da keken.

Litinin

An share, an goge, Manaja ya sa an yi wa ƙofa fenti. Gobe.

Talata, da yamma. Zan rubuta a jere

Ya zo da mutum biyu da mai ɗaukar hoto. Bai zauna a ofis ba, kai tsaye ya shigo wurinmu. Ya gaida Iya da girmamawa. Ni kuma ya ce, “Sannu da aiki, Malama,” kamar bai taɓa goya ni ba.

Ya zagaya kekuna, ya ɗaga wando ya ja ɗinkin da ƙarfi, bai ɓalle ba. Ya ce, “Aikinku yana da kyau. Ban taɓa cewa ba shi da kyau ba.” Sai ya nufi buhun da ba a buɗe ba, ya ce a ba shi wuƙa, yana so mai hoto ya ɗauki yadda suke zuwa.

Iya ta dafa buhun. Ta ce, “Ranka ya daɗe, a ɗakin nan mai ɗa a can ba ya buɗe buhu.”

Ya ce, “'Ya'yana suna makaranta, Iya.”

Ta ce, “Ɗan ƙanwarka ɗan wa ne?”

Ya daɗe riƙe da wuƙar. Sannan ya miƙa mata ta ƙota, ya ja baya, ya ce wa mai hoto ya sauke abinsa.

Da a nan aka tsaya. Amma ya ce ba ya rufe ido. Ya buɗe durowa, ya leƙa ɗakin wanki, ya zo kan kabad mai kwaɗo. Iya ta ce makulli ya ɓace. Fuskarsa ta canja, na san abin da ya zata, ya zata yadin gwamnati muke ɓoyewa. Manaja ya ruga ya kawo nasa makullin.

Ƙyalle ne kawai a ciki, sai baƙar leda a can sama. Yaya ya sa hannu. Rediyo ta fashe da kuka, ta ce, “Yaya, ki yafe mana, wallahi Iya ta ce a bari sai an ji daga hukuma.”

Ni take ce wa Yaya. Sai a lokacin na gane kujerar fanka. Na gane burodin.

Ban san yadda na isa wurin ba. Na karɓi ledar, na kai teburina, don a can kawai na iya duba abu. Na shimfiɗa rigar da ke ciki. Na ɗaga kwala. Kore.

Iya tana bayana tana cewa, “Mun ga tabon jinin, 'yar nan, mun ga girmansa. Na kasa ƙonawa, na kasa faɗa miki. Na naɗe ta a yadda ta zo.”

Tabon yana gefen dama, ƙasa da haƙarƙari, ya kai faɗin tafin hannuna biyu. Ba zan ƙara komai a kansa ba. Ɗakin ya yi nisa. Amma hannuna ya ci gaba da aikinsa shi kaɗai, ya juya rigar ciki waje kamar yadda yake yi wa kowace riga.

Yagewar da ke tsakiyar tabon a ɗinke take.

Daga waje ba ta nunawa, tabon ya rufe ta. Daga ciki kuwa ga ta nan, da baƙin zare, an fara daga inda kowa ke gamawa, zaren ya kwanta ta wancan gefen. A ƙarshe ƙulli uku.

Na kai ta taga. Yadin ya sha, ya bushe, ya yi tauri, an ma yi ƙoƙarin wanke shi bai fita ba. Zaren kuwa tas yake. Ko ɗigo bai taɓa shi ba. A kan tabon aka yi ɗinkin, bayan komai ya bushe.

Na ce, “Yaya.” A gaban mutanensa na ce. “Zo ka duba mini. Ni ban yarda da idona ba.”

Ya zo, ya sa tabarau. Ya bi ɗinkin da yatsa. Ya ce, “Wannan aikin banzan ai nasa ne. Haka ya ɗaure mini igiyar shanya har yau an kasa kwancewa.” Ya yi gyaran murya. Ya auna wurin a jikinsa. Ya ce, “Auta, na ga irin wannan da yawa. Wanda aka samu a nan, in har ya tashi zaune ya zura zare a allura, ya wuce wurin tsoro. An ba shi sabuwa, aka jefa wannan a buhu.”

Na ce, “Ka tabbata?”

Ya ce, “Ban tabbata ba. Amma abin da na sani ke nan.”

Rediyo ta share hanci da gefen mayafi ta ce, “To wallahi a biya ni burodina.” Iya ta kai mata duka. Muka yi dariya, irin wadda ba ta da kyan ji.

Da zai tafi ya dubi rigar ya ce, “Kin ga abin da nake faɗa. Wannan a wanke a sa wa ɗan wani?” Na ce wannan ba inda za ta. Ya juya wurin Iya, ya tambaye ta mata nawa ne a nan suke jiran labari daga buhu. Ba ta ƙirga ba, ta ce su ɗaga hannu. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya fita.

Laraba, da asuba

Na nuna wa Maigida. Ya riƙe ta ya daɗe, ya ce, “Ƙulli uku.” Ya karya kafin ya fita.

Da rana shakka ta dawo. Bahago ɗaya ne a duniya? Na sake fito da ita. Nasa ne. Na mayar. Na sake fitowa da ita.

Alhamis, hutun rana

Mun kewaye rediyon mai gadi muna jin zaman majalisa. Yaya bai janye ba. Ya ce sashen gyara ya rufu, sabon kaki za a riƙa bayarwa. Amma ya ce a nan za a ɗinka shi, ba a waje ba, kuma da hannun waɗanda suka yi shekaru suna faci. Sannan ya ce akwai iyaye a ƙasar nan da ke neman labarin 'ya'yansu a cikin tsumma, kuma majalisar da ta iya tura yaro dole ta iya faɗa wa uwarsa ko yana numfashi. Ya ce ba don mutum ɗaya yake tambaya ba. Ni na san haka. Shi ya sa bai tambaya mini ni kaɗai ba, kuma ba zai yi ba.

An ɗaga hannu. Ƙudurin ya wuce.

Iya ba ta cikin waɗanda za a mayar sabon ɗaki, shekarunta sun kai. Ta ce dama idonta ya gaji. Ta ba Rediyo almakashinta, ta ce ta fara da harshenta.

Har yanzu ban ce wa Iya na yafe ba, ban kuma ce ban yafe ba. Na mayar mata da kujerarta.

Juma'a, bayan kowa ya tafi

Buhu na ƙarshe ya wuce. Daga yau ba kwalar da zan ɗaga. Ban san ko abin da Yaya ya nema zai zo ba, ko yaushe. Wayata tana aljihu, na ƙara mata ƙara.

Na wanke rigar da hannuna, tabon ya ɗan dushe. Na goge ta. Na shimfiɗa ta a teburin, na juya ta, na duba kamar kowace riga. Ɗinkin ya karkace, tazarar ba daidai ba, ƙullin ya yi kauri. Abin warware ɗinki yana nan kusa da hannuna.

Bai yi kyau ba ko kaɗan. Na bar shi ya wuce.